Wa Ya Ranta Wa Wa?

A cikin watan Fabrairun 2022 ne malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da bai ƙare ba sai a watan Oktoba. A lokacin ina aji ɗaya a Sashen Hausa, ko jarrabawar zango na farko ba mu yi ba. Da zaman gida ya ishe ni, sai mahaifina ya tura ni wurin ƙanen mahaifiyata da ke sayar da kayan gini a Masaka, wai in taya shi jiran shago maimakon zaman kashe wando. Ga wanda bai sani ba, Masaka tana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, bayan an wuce Nyanya da Mararraba. A takarda tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma ka tambayi duk wanda ke kwana a can, zai ce maka a Abuja yake zaune, domin da asuba can yake nufa neman abinci, da dare kuma cunkoson motoci ya dawo da shi. Garin ya tara Gwarawa 'yan ƙasa da Hausawa da Fulani da Inyamurai da Tibabe da Yarbawa, har da 'yan'uwanmu na Nijar, saboda haka harsuna ba irin wanda kunnenka ba zai ji ba.

A bakin layinmu akwai wani mai shayi mutumin Nijar, wanda kowa ke kira Ɗan Maraɗi. Ya girme ni da kusan shekara goma. Mutum ne mai tsabta, ba ya da yawan magana, kuma kullum za ka ga wani ɗan littafi a gefen gwangwanayen madararsa, inda yake rubuta masu cin bashin shayi da burodi. Wata rana na leƙa littafin, sai na ga ashe da Faransanci yake rubutun. Na tambaye shi, ya ce ya yi lakwal, wato makarantar boko a bakin mutanen Nijar, har ya kai aji uku na sakandare kafin mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar gida ta dawo kansa. Tun daga ranar muka saba. Ni ina kiransa Malam, shi kuma yana tsokana ta da Mushe, sunan da suke kiran malamin makaranta da shi a can.

Ana nan sai wani mai shagon kayan masarufi da ke kusa da shi, mutumin kudu, wanda a wurinsa yake sayen sukari da madara, ya shiga matsi, ya nemi Ɗan Maraɗi ya ranta masa naira dubu 80, a kan zai biya kafin faɗuwar damina. Kuɗin nan tarin wata da watanni ne, waɗanda ya yi niyyar aika wa gida don a sayi iri da taki a biya 'yan ƙodago. Saboda zaman tare da amana ya amince, amma ya ce sai an rubuta. Mai shagon ba ya karanta Hausa, ballantana Faransanci, don haka aka tsaya a kan Ingilishi. To wa zai rubuta? Sai aka ce ai ga ɗan jami'a nan. Aka kira ni, aka kira kawuna da wani tela a matsayin shaidu, na zaro biro ina hura hanci.

Ga abin da na rubuta a layin farko, da bakin Ɗan Maraɗi: "I borrowed Mr..." na sa sunan mai shagon, sannan na biyo da "eighty thousand naira". A zuciyata abin da na ce shi ne, "Na ranta wa wane naira dubu tamanin." Na karanta a fili, mai shagon ya gyaɗa kai, domin haka kowa ke faɗa a titi. Amma Ɗan Maraɗi ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, ya ce, "Mushe, ni fa ban iya Ingilishi ba, amma ga sunan mutum ga kuɗi sun jeru, ba komai a tsakaninsu. Ina ɗan harafin da zai nuna wanda ya amsa? Mu a lakwal in ba ka sa shi ba, bulala kake sha." Na yi dariya, na ce, "Malam, wannan Turancin Ingila ne, ba na Faransa ba. Ka bar wa masu abin abinsu." Ya yi shiru, ya sa hannu, mai shago ya sa hannu a ƙasa, shaidu suka sa nasu, aka watse.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Bayan kamar wata biyu, rashin lafiya ta sa mai shagon ya tafi garinsu, ƙanensa ya zo ya riƙe shagon. Da lokacin biya ya yi, Ɗan Maraɗi ya ɗauki takardarsa ya je. Shi ƙanen nan ya yi karatu sosai, yana dubawa sai ya ce, "Ai wannan takarda cewa ta yi kai ne ka ci bashi. Kalmar nan 'borrow' karɓa take nufi, mai bayarwa 'lend' yake yi. In ma da mai biya, to kai ne." Ban san ko da gaske ya fahimci haka ba, ko kuwa ya ga ƙofa ce a buɗe ya shiga. Abin da na sani shi ne, a bisa ƙa'idar Ingilishi ba ni da bakin musa masa. Aka kai magana gaban mai unguwa. Ba don kawuna da telan nan sun tsaya sun ba da shaida ba, aka kuma yi ta neman mai shagon a waya har aka same shi ya amsa da bakinsa, da kuɗin bawan Allah nan sun bi ruwa. An biya shi daga baya, kaɗan-kaɗan, amma kafin su cika an riga an yi shuka a Maraɗi har an gama noman farko. A shekarar nan rabin gonarsu kawai aka noma.

Kwana uku ban je teburinsa ba saboda kunya. A rana ta huɗu ya aiko yaro ya kira ni, ya haɗa mini shayi mai kauri, ya ce, "Mushe, abin da ya wuce ya wuce. Amma zo ka nuna mani yadda Ingilishin nan yake jera mutum da kaya, ni ma in nuna maka namu." Daga ranar, in kasuwa ta lafa da hantsi, sai mu baje takardun kwalin sukari muna rubuta jimloli. Abin da muka tono a wannan teburi, shi ne na zo na tarar da sunayensa a darasin ginin jimla bayan an koma makaranta, kuma shi nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai.

Akwai aikatau waɗanda ba su wadatuwa da karɓau ɗaya, sai biyu: abin da aka miƙa, da wanda aka miƙa wa. Na farko shi ne karɓau na kai-tsaye, na biyu kuma kaikaitaccen karɓau. Misalinsu su ne bayarwa da aikawa da nunawa da koyarwa. Ingilishi yana da hanya biyu ta jera su. Kana iya cewa "I gave the book to Audu", kaya a gaba, mutum a baya da ɗan harafin "to" a gabansa. Kana kuma iya cewa "I gave Audu the book", mutum a gaba, kaya a baya, ba wani harafi a tsakani, matsayin kalma kawai ke nuna wanda ya karɓa. Faransanci kuwa hanya ɗaya tak ya sani idan sunaye ne: "J'ai donné le livre à Audu." Wannan ɗan "à" ɗin ba ya faɗuwa. Ka cire shi ka jera sunayen biyu, jimla ta lalace. Shi ne harafin da Ɗan Maraɗi ya nema a takardata bai gani ba. Gaskiya ne rashinsa ba laifi ba ne a Ingilishi, amma da na tsaya na saurari tambayarsa, na gwada mayar da jimlar zuwa ɗaya hanyar, da na ga ɓarakar nan take, domin "lend" da "to" yake tafiya, "borrow" kuwa da "from".

Bambanci na biyu yana wurin wakilin suna. A Ingilishi wakilan suna suna zama a bayan aikatau kamar yadda sunayen suke: "I give it to him." A Faransanci sai su tsallako gaban aikatau su jeru, kuma jerin nasu yana da nasa sharaɗi. In kai nake ba, sai in ce "Je te le donne", mutum kafin kaya. In wani can nake ba, sai in ce "Je le lui donne", kaya kafin mutum. In kuma umarni ne, sai su koma baya: "Donne-le-moi." Na yi mako guda ina tuntuɓe a kan wannan, Ɗan Maraɗi yana dariya yana cewa yanzu na san abin da ya sa suke shan bulala.

Na uku shi ne jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba. Bature na Ingila yana iya ɗauko wanda aka ba ya sa shi a farkon jimla, ya ce "Audu was given a book." Na Faransa ba ya yin haka da aikatau na bayarwa, sai dai ya ce "On a donné un livre à Audu." Da Ɗan Maraɗi ya rubuta mini wannan, sai na ga ai "on" ɗin nan aikin "an" ɗinmu yake yi: "An ba Audu littafi." A nan Hausa da Faransanci suka haɗa kai suka bar Ingilishi shi kaɗai.

Sai dai shi ma Ingilishin ba kowane aikatau ne ya yarda da hanyoyin biyu ba. Kana cewa "tell me the story", amma ba ka cewa "explain me the story", dole sai "explain the story to me". Wannan shi ne ramin da Ɗan Maraɗi ya fi faɗawa, saboda a Faransanci "explique-moi" daidai ne. Masana sun lura cewa yawancin aikatau masu wannan taurin kai, irin su "explain" da "describe" da "donate", asalinsu daga Latin ne ko Faransanci. Kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi bayan shekarar 1066, lokacin da Normandawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Amma ba ƙa'ida ce marar togiya ba, domin "pay" da "promise" ta Faransancin suka shigo, ga shi kuwa ana cewa "pay him the money". Wani masanin harshe ɗan Amurka, Richard Kayne, ya keɓe babi guda a littafinsa na 1984 a kan wannan bambanci, inda ya danganta shi da wani: Ingilishi yana iya barin ɗan harafin shi kaɗai a ƙarshen tambaya, kamar "Who did you give it to?", alhali Faransanci sai ya ɗauko shi zuwa farko, "À qui l'as-tu donné?" Mu ma muna barin namu a ƙarshe: "Wa ka kawo wa?"

Kada mai karatu ya ɗauka Faransanci ya tsira. Wannan "à" da Ɗan Maraɗi yake alfahari da shi, baki biyu gare shi. "J'ai prêté de l'argent à Audu" na nufin na ranta wa Audu kuɗi, "J'ai emprunté de l'argent à Audu" kuma na nufin na ranci kuɗi a wurin Audu. Harafi ɗaya ne a duka biyun, aikatau kaɗai ke raba gardama. Mafi muni ma, "J'ai acheté un mouton à Audu" tana iya nufin na saya wa Audu rago, tana kuma iya nufin na sayi rago a hannun Audu. Da na ƙure shi da wannan, sai ya sosa ƙeya ya ce lallai kowane allazi da nasa amanu.

To ina Hausa ta tsaya a tsakaninsu? Abin da ya fi ba ni kunya ke nan, domin ni da nake ɗalibin Hausa ban taɓa tsayawa na dubi nawa harshen ba. Hausa tana da harafi kamar Faransanci, wato "wa", amma jerinta irin na Ingilishi ne, mutum kafin kaya: "Na kawo wa Audu littafi." In wakilin suna ne, sai a ce mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu. Mutanen Katsina da Sakkwato da Maraɗi "ma" suke cewa a gaban suna: "Na kawo ma Audu." Akwai kuma wasu aikatau ƙalilan da ke ɗaukar karɓau biyu ba tare da harafin ba, daidai da hanyar Ingilishi ta biyu: "Na ba Audu littafi", "Na biya Audu kuɗinsa", "Ya hana ni abinci", "Na tambayi Audu hanya", ko da yake a yau za ka ji mutane da yawa suna cewa "na ba wa Audu" ko "na bai wa Audu". In kuma ana so a sa kaya a gaba, ko a ƙi ambaton mai karɓa, sai aikatau ya canza riga: "Na ba da littafi ga Audu", "Na ba da sadaka."

Bugu da ƙari, "wa" ɗinmu ba alheri kaɗai yake ɗauka ba, yana ɗaukar sharri. "Ya gyara mini keke" da "Ya sace mini keke" gini ɗaya ne. Faransanci ma haka yake yi: "Il m'a volé mon vélo." Amma ka ɗauki ginin nan ka kai Ingilishi ka ce "He stole me a bicycle", to ba ƙara ka kai ba, kanka ka tona wa asiri, domin ma'anarta ita ce ya sato maka keke. Dubi yadda Hausa ta raba "sace" da "sato" da ɗan canji a ƙarshen kalma.

A nan ne na gano tushen kuskurena. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi 7 a shekarar 1960, kuma har yau a kan wannan tsari ake koya mana, kamar yadda manyan littattafan nahawu na Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001 suka bi shi da gyare-gyare. A Hausa saiwa ɗaya ce take ba da mai bayarwa da mai karɓa. "Na ranci kuɗi" giredi na biyu ne, ni na karɓa. "Na ranta masa kuɗi" giredi na ɗaya ne, ni na bayar. Haka "Na ari keke" da "Na ara masa keke". Wasalin ƙarshe da karin sauti da "wa" su ke juya akalar. Ingilishi da Faransanci kuwa kalmomi biyu mabambanta kowannensu ya tanada. Ni sai na ɗauki kalmar Ingilishi guda ɗaya na ɗora mata kayan Hausa, na zaci in na sa sunan mutum a bayanta za ta juya kamar yadda "ranta" take juyawa. Da Hausa na yi tunani, na rubuta da Ingilishi, kuma ban san ina yin haka ba. Wani abin lura kuma, Hausa ta bambanta aro da rance: aro shi ne abin da za a mayar da shi kansa, kamar keke ko tsani, rance kuwa abin da za a kashe ko a ci a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Wannan rarrabewa babu ita a aikatau na waɗancan harsuna biyu.

Da na ba limamin masallacin layinmu labari, sai ya ƙara mini wani darasin. Ya tuna mini da aya ta 282 a cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda aka yi umarni da rubuta bashi, da kafa shaidu, da cewa wanda ake bi shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta. Ya ce, "Ɗana, da ka rubuta da bakin mai cin bashin, da kalmar taka ta zauna daidai." Na lissafa na ga haka ne. Da mai shagon ne "I" na jimlar, da "borrowed" ta faɗi gaskiya, abin da zai rage kawai in sa "from" a gaban sunan Ɗan Maraɗi. Shaidun da ayar ta ce a kafa kuwa, su ne suka cece mu.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, sau nawa aka tambaye mu a gida, "Hausa kuma? Me za ka yi da ita?" Ni kaina a da sai in yi ƙasa da kai. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin da ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan harsunan nan uku da muka baje a kan teburin shayi, su ne za a ci gaba da fassara takardu a tsakaninsu, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Ƙonni zuwa Illela, takardun ciniki da na gado da na asibiti da na kotu. A cikin kowace irin wannan takarda akwai wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Mai fassarar da bai san yadda harshensa yake jera su ba, zai yi ta zuba ginin Hausa a cikin kalmomin wasu ba tare da ya sani ba, kamar yadda na yi, kuma ba shi zai biya kuɗin kuskuren ba.

Ɗan Maraɗi yana nan a Masaka. A hutun da ya wuce na je na tarar ya ƙara benci ɗaya, littafin bashinsa kuma yanzu rabi Faransanci ne rabi Hausa. Na sha shayi na laluba aljihu na ga ban fito da kuɗi ba, na ce ya rubuta. Ya miƙo mini littafin da biro, ya ce, "Rubuta da hannunka, Mushe, amma da Hausa, kuma ka karanta mani in ji wa ke bin wa." Na rubuta, na karanta masa har sau biyu kafin ya karɓa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma tsare mu daga cutar da bayinSa da alƙalumanmu, amin.